Tsakanin Hadari da Haɗari

Lanƙwasa guda a kan harafi ce ta raba su. Hadari shi ne wanda ke haɗowa daga gabas, ya yi baƙi ƙirin a bayan duwatsun Kazaure, mata su ruga kwashe shanya, yara su hau tsalle a tsakar gida. Haɗari kuwa shi ne wanda ake yi wa matafiyi addu'ar Allah ya kiyaye. Na farko roƙonsa ake yi, na biyu neman tsari ake yi da shi. Amma tun da wayar hannu ta zo ta cinye mana lanƙwasar haruffa, sai ka ga an rubuta "hadarin mota", kamar girgije ne ya taso a cikin tasha.

Kusancin waɗannan kalmomi biyu yana tuna wata tsohuwar dabara ta masu rubuta wasan kwaikwayo. In marubuci yana so mai kallo ya san haɗari na tafe, sai ya tayar da hadari. Wiliyam Shekspiya na Ingila ya yi haka a wasansa na Yuliyas Kaisar a 1599, ya sake yi a Sarki Liya da Makbet wajen 1606. Abin da ya gina da tsawa da walƙiya a kan dandamali, Hausa ta ajiye shi a 'yar tazarar da ke tsakanin d da ɗ.

Sai dai a yi hattara, kama da wane ba ta wane. Haɗari baƙo ne, daga Larabci ya zo, asalinsa khaɗar. Harafin farko ya yi laushi ya koma h, yadda khalifa ya zama halifa, khatim ya zama hatimi. Na tsakiya kuwa Hausa kan karɓe shi ta ƙofa biyu: wani lokaci ya fito ɗ, kamar a ɗalibi da ɗabi'a da sharaɗi, wani lokaci ya fito ts, yadda ɗibb, wato magani, ya zama tsibbu. Shi ya sa muke da haɗari muke kuma da hatsari, kowanne daidai ne. Hadarin sama ba ya cikin wannan zuri'a. Maƙwabtaka ce kawai ta haɗa su, amma maƙwabtaka ce mai albarka ga mai nazari.

Kafin a shiga ruwa, bari mu tambayi sunan gidan kansa. Wasan kwaikwayo muka ce, kuma wanda ya raɗa wannan suna ya dace, domin Aristotal na Girka, fiye da shekara 2,300 da suka wuce, a kan kwaikwayo ya kafa bayaninsa na wannan fasaha. Irin wasan da ke ƙarewa da faɗuwar babban mutum kuwa, Girkawa sun ba shi suna mai ban mamaki, tiragodiya, wato waƙar bunsuru, kuma har gobe masana na muhawara kan abin da ya kawo bunsuru cikin zancen. Mu mukan ce wasan ban tausayi. Rabin bayani ke nan, don Aristotal abu biyu ya lissafa, tausayi da tsoro. Tausayi daga baya yake zuwa, bayan mai faɗuwa ya faɗi. Tsoro shi ake shukawa tun da wuri, kuma aikin da ake ɗora wa sama ke nan.

To ga inda gizo ke saƙar. Makbet da tsawa da walƙiya yake buɗewa, sannan mata uku su bayyana. Mutumin Landan na wancan zamani, wanda ruwan sama ya isa, da jin haka ya san ba alheri ke tafe ba. Ɗalibin sakandare a Kazaure ko Roni ko Gwiwa fa? Shi a ƙasar da ake yin fiye da rabin shekara ba ɗigon ruwa ya tashi, inda gero da dawa da wake ke jiran 'yan watannin damina, inda in sama ta ɗauke ƙafa ake fita bayan gari sallar roƙon ruwa. A kunnensa tsawar farko albishir ce. Manomin Ɓaɓura in ya ji ta, iri da sungumi zai duba. Saboda haka mai fassarar da ya rubuta "hadari" ya tsaya nan, kalma ya kawo mana, ya baro tsoron a Ingila.

Kuma a waɗannan wasanni kalma ce kusan komai. Gidan wasan Gulob da aka gina a Landan a 1599 tsakiyarsa ba rufi, da rana tsaka ake wasa. Tsawa da ganga ake yin ta, ko a gangara ƙwallon ƙarfe a kan katako. Sauran duk, duhu da ruwa da sanyi, a bakin ɗan wasa suke. In sunan bai zauna daidai ba, yanayin bai zo ba. Sa'ar da muka yi, Hausa ba ta talaucin sunayen abin da ke faruwa a sama. Bari mu jera su mu ga wanne ke ɗauke da tsoro.

Tsawa ita ce ƙarar da ke fashewa a ka, yaro ya faɗa jikin uwarsa. Ita ce kuma abin da uba ke daka wa ɗa, malami ya daka wa almajiri. A sama da ƙasa hanyarta ɗaya, daga babba zuwa ƙarami. Ba a saba jin bara ya daka wa sarki tsawa ba.

Aradu daga Larabci ta zo da kayanta duka. Ar-ra'ad ce, sunan sura ta 13 a Alƙur'ani, Hausa ta haɗiye ta har da harafin gabanta, yadda ta yi wa ar-rizƙ ya zama arziki, al-khair ya zama alheri. Tsawa jin ta ake yi, aradu faɗowa take yi, ta tsaga itace, ta kashe dabba a makiyaya. Kwarankwatsa kuwa ba ta bukatar ƙamus: faɗe ta da ƙarfi, bakinka zai yi abin da sama ke yi. Da su biyun ake rantsuwa tun zamanin maguzanci, kuma mai rantsuwar cewa yake, in ƙarya nake yi, sama ta hukunta ni. Ashe tun kafin a kawo mana Shekspiya mun san sama a kujerar alƙali.

Akwai wani ɗan dutse da ya haɗa mu da shi kai tsaye. A Yuliyas Kaisar, daren da ake ƙulla makircin kashe Kaisar, Kasiyas, ɗaya daga cikin masu makircin, yana yawo a titunan Rum ƙirji buɗe, yana takalar abin da Turancin lokacin ke kira dutsen tsawa. Bahaushe ya san wannan dutse. Gatarin aradu ne, ɗan dutse mai santsi da kaifi a baki guda, wanda akan tono a gona a ce aradu ce ta jefo shi. Yarbawa suna danganta shi da Sango. Masu binciken kufai sun nuna gatura ne na mutanen da, waɗanda suka wasa dutse kafin a san ƙira. Al'ummu uku sun tsinci abu ɗaya sun ba shi labari ɗaya. A nan mai fassara hutawa zai yi.

Iska ta fi su zurfi. Ita ce mai kaɗa ganye, ita ce kuma mai hawa kan mutum a bori. Da ka ce iskoki, ba mai tunanin ganye. Ba mu kaɗai muka yi wannan haɗi ba: Larabci daga saiwa ɗaya ya fitar da rihu da ruhu, Girkanci da Latin kuma kowanne yana da kalma guda mai ɗauke da iska da numfashi da ruhi. Abin da ake jin taɓawarsa ba a ganin jikinsa, ko'ina ɗan Adam suna ɗaya yake ba shi.

Matan nan uku na Makbet da iska suke aiki. Suna yi wa juna kyautarta don su wahalar da wani matuƙin jirgin ruwa, kuma da suka gama gaya wa Makbet zai zama sarki, cikinta suka narke. A wancan zamani wannan ba tatsuniya ba ce. A 1590 an gurfanar da mutane a Sikotilan bisa zargin sun tayar da hadari a teku don su nutsar da jirgin Sarki Jems, wanda ke dawowa daga Denmak da amaryarsa. Sarkin da kansa ya shiga tuhumar, ya rubuta littafi kan sihiri a 1597, a 1603 ya gaji sarautar Ingila ya zama uban gidan ƙungiyar 'yan wasan Shekspiya. Tsawar farkon Makbet tana taɓa wani tsoro da mai mulkin ƙasar ya ɗanɗana da kansa.

To me za mu kira matan? Mayu ne ke fara zuwa baki, amma maye a wurinmu kurwa yake kamawa mutum ya kwanta ciwo, su kuwa magana kawai suka yi wa Makbet. Bokaye ya fi kusa, masu duba ma haka, tun da labarin gobe suka sayar masa. Sunan da ake yawan kiransu da shi a cikin wasan daga wata tsohuwar kalmar Turanci ya fito mai nufin ƙaddara. Ni kam iskoki zan ce. Da tsawa suke zuwa, da iska suke tafiya, kuma Banko, abokin Makbet, da ya gan su abin da ya fara tambaya shi ne ko mazauna duniyar nan ne.

In akwai yanayin da Bahaushe ke gani gabansa ya faɗi, guguwa ce. Ta taso tsakar rana a bazara, ta murɗe, ta kwashi yayi ta yi sama, manya su ce wa yara su kauce aljanu na wucewa. Ba ta shayar da kowa. Shi ya sa 'yan jarida suka are ta suka ce guguwar siyasa. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay kuma suka mayar wasan kwaikwayo a 1975, abin da ya halaka ayari a hamada iska ce da rairayi. Marubucinmu da ya tashi kawo masifa daga sama, busasshiya ya kawo, don ya san wa yake yi wa rubutu.

Hazo ma yana da nasa aiki. Cikinsa matan Makbet ke shawagi. Hazon Sikotilan jiƙaƙƙe ne, tururin ruwa. Namu ƙura ce da iskar hunturu ke kwasowa daga hamada, musamman daga kwarin Bodele a Chadi, ta zo ta lulluɓe duwatsun Roni har a kalli rana ido da ido. Abu biyu ne daban, amma illarsu ɗaya: ka hangi abu ka kasa tantance shi. Wasan kuwa kacokan a kan haka yake, magana mai harshen damo. An ce wa Makbet ba zai faɗi ba sai daji ya taso ya zo gare shi, ya saki jiki. Sojoji suka sari rassa, suka rufe kansu da su, suka taho.

Sai holoƙo, wanda ake yi wa kirari da hadarin kaka. Ya yi duhu, ya yi iska, ya tayar da ƙura, ya watse ba ɗigo. Sarki Liya ya raba ƙasarsa ga 'ya'yansa mata biyu masu daɗin baki, ya kori ta ukun da ta ƙi yi masa fadanci. Da biyun suka juya masa baya, suka raba shi da dakarunsa ɗari, sai ya hau rantsuwar zai ɗauki fansar da duniya za ta girgiza, alhali ba shi da wanda zai aika. Daidai nan aka fara jin hadari, aka rufe ƙofa aka bar tsoho a fili. Hadarin sama na gaske ne, ya jiƙa shi sharkaf. Na bakinsa holoƙo ne. Tausayin wasan duk a tsakanin waɗannan biyu yake.

Yanzu ga kalmar da ta fi duk sauran burge ni: gari. In muka ce gari ya waye, gari ya yi sanyi, gari ya yi luf, sama da yanayi muke nufi. In muka ce garin Kazaure, fada da kasuwa da unguwanni muke nufi. In muka ce yaya gari, halin da jama'a ke ciki muke tambaya. Wanda ya ce maka gari ya yi zafi, sai ka dubi fuskarsa kafin ka san rana yake nufi ko rikici.

Turawan zamanin Shekspiya sun ɗauka sarauta da sama a ɗaure suke da igiya guda, in aka taɓa wannan waccan za ta motsa. Daren da Makbet ya kashe Sarki Dankan, baƙonsa kuma ɗan'uwansa, iska ta rushe bututun hayaƙin gidaje, aka ji kuka a sarari, aka ce ƙasa ta yi rawa. Washegari duhu ya ƙi yayewa, aka ba da labarin mujiya ta kashe shaho, dawakin sarki kuma sun ɓalle sun cinye juna. Malaman adabin Turanci kan cika shafuka suna bayanin wannan alaƙa ta mulki da yanayi. Bahaushe zai ce gari ya rikice, ya gama.

Saura sunan dabarar kanta, wato sanar da mai kallo abin da ke tafe ba tare da an faɗa masa ba. Alama tana nan, daga saiwa ɗaya da ilimi a Larabci: abin da ake sanin abu da shi. Ishara nuni ce, kuma a bakinmu ta ɗauki nauyin wa'azi, abin da mai hankali ke gani ya shiga taitayinsa. Bushara ta alheri ce kawai, gargaɗi kuma a fili ake yin sa. Masu nazarin adabin Hausa, bisa tafarkin da Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa a Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa, suna da alamtarwa, suna da mutuntarwa, wato a ba abin da ba mutum ba halin mutum, sama ta yi fushi ko ta yi kuka. Waɗannan sun kama hoton, amma ba su kama lokacin ba, wato zuwan alamar kafin abin. Karin magana ya fi kusa: Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Akwai kuma camfi, kuma a nan mai karatu Musulmi zai ɗaga gira, da hujjarsa. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu, an yi husufin rana, mutane suka ce saboda rasuwar ne. Manzon Allah ya gyara musu, ya bayyana cewa rana da wata ayoyi ne na Allah, husufinsu bai rataya ga mutuwar wani ko rayuwarsa ba. Aya daban, camfi daban. Aya tana tuna maka Mahalicci, camfi yana ɗora wa abin halitta ikon da ba shi da shi.

Abin sha'awa, Shekspiya da kansa ya sa wannan gardama a bakin mutanensa. A 1605 an ga husufin wata da na rana a Ingila, ɗaya na bin ɗaya. A Sarki Liya wani dattijo ya ɗora laifin lalacewar zumunci a kan husufi, ɗansa kuma ya yi masa dariya a bayan ido, yana ganin wauta ce mutum ya aikata mugunta ya ce taurari ne. A Yuliyas Kaisar, wani mai suna Kaska ya zo yana rawar jiki da labarin abubuwan al'ajabi da ya gani cikin hadari, wani kuma mai suna Sisaro ya tuna masa cewa kowa yadda ransa ke so yake fassara abin da ya gani. Haka kuwa aka yi. Kasiyas ya karanta hadarin ya ce sama ta gaji da Kaisar. Matar Kaisar ta karanta shi ta roƙi mijinta kada ya fita. Wani cikin maƙiyan ya juya fassarar mafarkinta, Kaisar ya fita, aka kashe shi. Sama ba ta riƙe wuƙa ba. Tsawar ta marubuci ce, wuƙar ta mutane.

Gwanintar ta fi bayyana ma inda ba tsawa. Da Sarki Dankan ya isa ƙofar gidan Makbet, gidan da za a kashe shi a daren, yabon wurin ya hau yi, yana jin daɗin iskarsa mai laushi, Banko yana taya shi da nuna tsuntsayen da suka yi sheƙa a bango. Mai kallo ya riga ya ji abin da matar gida ta ƙulla, saboda haka kowace kalmar yabo tana ƙara masa fargaba. Wanda ya yi karatun allo ya san irin wannan tun daga ƙissar Adawa a Suratul Ahƙaf: sun hangi girgije ya nufo kwarurukansu, suka yi murna ruwa ya zo, ashe iska ce mai ɗauke da azaba. A nan ɗalibin Kazaure ya fi ɗan Landan kusa da zancen, don shi ya san yadda ake murnar ganin girgije, ya kuma san nauyin a ce wannan murnar ce tarko.

Kalma guda na ajiye har yanzu: cida. Ita ce rugugin nan na ƙasa-ƙasa da ake ji can nesa, tun hadari bai iso ba. Ba ta firgita yaro, amma babba in ya ji ta ya san wani abu na tafe. Ba ta kuma faɗin ko ruwa ne ko holoƙo, sai an jira. Duk siffofin dabarar suna cikinta: tana gabatar abin, tana daga jinsinsa, tana bukatar kunnen da ya saba, tana barin ƙofar shakka a buɗe. Shawarata ga malaman adabi ita ce a kira wannan dabara cidar labari.

In aka karɓi wannan, sauran 'yan'uwanta za su biyo ta da kansu. Malami a aji zai iya cewa ɗalibai su nemo masa cida da tsawa da aradu a Makbet. Cida ita ce bayyanar matan uku da yabon iskar da Dankan ya yi. Tsawa ita ce daren kisa, lokacin da abin ya fashe kowa ya ji. Aradu ita ce takobin Makdaf, abokin gabar Makbet, da ya sauka a kansa a ƙarshe, hukuncin da aka daɗe ana jira. Da irin wannan ma'auni za a iya auna Shaihu Umar, a auna fim ɗin Kano, a auna littafin da ake rubutawa yau. Yaron da ya tashi yana bambanta cida da tsawa, da guguwa da holoƙo, ya riga ya mallaki kayan aikin nazarin waɗannan wasanni tun kafin ya buɗe shafin farko. Abin da ya rage wa malaminsa shi ne ya nuna masa cewa kalmomin gidansu ma na ilimi ne, ya bar shi ya yi aiki da su.